Garambawul ɗin Jitar Marigayi

A layin masu sana'a da ke bayan tashar mota akwai wani kafinta da ake kira Nasani. Sunan ya bi shi ne don ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. In ka ce, "Jiya likita ya gaya min cewa…" kafin ka haɗiye miyau ya ce, "Na sani." In ka ce matarka ta haihu, ya sani. Akwai ranar da mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Kafinta, wandonka ya yage ta baya." Ya ce ya sani, ya ci gaba da sunkuyo har rana ta take.

Aikinsa kuwa, a faɗi gaskiya, akwai ƙarfi. Ba a taɓa sace kujerar Nasani ba, don ɓarawo ɗaya ba ya iya ɗaga ta. Gadon da ya yi wa wani mutum sai da aka cire ƙofa da ginshiƙinta kafin ya shiga ɗaki, kuma da mutumin ya tashi ƙaura, da gadon a ciki ya sayar da gidan. A ilimin Nasani katako iri biyu ne a duniya: mai kauri, da wanda aka cuci mai shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yayan matarsa, malamin kiɗa a wata makarantar sakandare, bai taɓa neman shawararsa ba ko a kan ƙusa ɗaya. Shi kuwa Yaya yana da wata tsohuwar jita da ya gada wurin mahaifinsu, wadda wani dattijo ya yi da hannunsa tun kafin a haifi Yayan. A gidan nasu ana lallaɓa jitar nan kamar kaka. Ga shi Yaya zai yi ritaya, makaranta ta shirya masa taron sallama, ya kuma yi wa ɗalibansa alkawarin a ranar zai kaɗa musu ita, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba.

Wata rana da yamma ya zo gidan ƙanwarsa rungume da akwatin jitar. Ya buɗe a kan tebur, ya nuna mata ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar, wanda makaɗa ke kira jaki.

"Kin ga nan? Jakin ya ɗan ɗaga, ko farce bai shiga ba. Ni an tura ni aikin duba jarrabawa, ba zan dawo ba sai ana gobe taro. Na yi magana da wani direba a tasha, zai kai ta birni wurin mai gyaran kayan kiɗa. Gobe ki ba shi hannu da hannu."

"Na sani," in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Yaya bai juyo ba. "Me ka sani, Kafinta?"

"Matsalarta. Tun daga waje na jiyo. Katakon ne ya gaji, Yaya."

Yaya ya yi ajiyar zuciya irin ta malamin da ya saba da ɗaliban bencin baya. Ya ce, "Fuskar nan itacen ƙasashen sanyi ne, mara nauyi, an bar shi ya bushe shekaru kafin a sa masa wuƙa. Bayanta da gefenta baƙin itace ne mai ƙamshi. Muryar da kake ji, shekarun da Baba ya yi yana kaɗa ta ne suka buɗe ta. Itace yana shan kiɗa, yana tsufa yana ƙara daɗi."

"Na sani."

"To tunda ka sani, kada ka taɓa."

Washegari matar Nasani, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana da aikin safe, ga motar asibiti tana mata ham a waje. Nasani ya ce ai tasha bayan shagonsa take, don me za ta wahala? Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa tana kallonsa.

"Baban yara, hannu da hannu fa."

"Na sani."

Hannu da hannu ɗin aka yi, daga hannunsa na dama zuwa na hagu, sai kan teburin shago. Ya aika wa direba cewa an fasa.

Da ya fito da jitar ya ɗaga ta da yatsu biyu, sai ya ƙwala wa maƙwabtansa kira. Mai walda ya shigo da baƙin gilashinsa a goshi, tela ya biyo shi da tef a wuya.

"Ku zo ku ga ha'inci! Ku ɗaga ku ji. Ko kwalin takalmi ya fi ta nauyi. Ku duba ko'ina, babu ƙusa ko ɗaya. Wanda ya yi wa surukina wannan aiki, ya ci amanarsa, Allah dai ya yafe masa."

Tela ya ɗan taɓa tsirkiya ɗaya da farce. Wata murya ta fito mai zurfi, ta zaga shagon, ta daɗe ba ta mutu ba. Har mai walda ya cire sigari daga baki.

"Kun ji ko?" in ji Nasani. "Kuka take yi. Katako mai lafiya ba ya wannan karkarwar."

"Ni kam daɗi na ji," in ji tela.

"Kai ɗinki ka sani. Yaya zai kai ta birni a shafa mata miyau a dawo da ita. Ni garambawul zan yi mata, wanda jikokin jikokinsa za su gada. Ranar taro a gaban shugaban makaranta zai kira sunana, ku kuna zaune."

"Za mu zo," in ji mai walda. "Wallahi ko ba a gayyace mu ba za mu zo."

Nasani ya fara da jaki. Ya zaɓi ƙusa madaidaiciya, wato irin wadda yake kafa ƙafar tebur da ita, ya saita, ya ɗaga guduma. Jakin ya zauna daram. Fuskar jitar kuma ta tsage tun daga jakin har gindi, da wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye.

"Ita ma ƙarar garambawul ce?" in ji tela.

"Tsagar tana nan tun da, ɓoyewa ta yi. Na tono ta ne."

Don ya liƙe tsagar ta ciki, ya cika tafinsa da gam ya cusa hannu ta bakin jitar har gwiwar hannu. Ya shafa, ya shafa, ya tsaya yana ba su labarin yadda ya taɓa gyara ƙofar banki. Da labari ya ƙare ya ja hannu, hannu ya ce bai san zancen ba.

Nan layi ya cika. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya zo kallo. Nasani na tsaye da jita a hannu kamar wanda aka naɗe wa karaya, yana gaya wa jama'a cewa yana auna zafin cikinta ne.

"Bari in ɗauko injin yanka," in ji mai walda. "Ka zaɓa, ita ko hannun?"

"Hannun dai," in ji tela. "Yana da wani. Jitar ita kaɗai ce."

A ƙarshe man keken ɗinki aka tsiyaya ta gefen hannun, mutum biyu suka riƙe jita, biyu suka riƙe Nasani. Hannu ya fito, ya bar gashinsa a ciki, ya kuma fito da wani siririn itace manne a tafi. Nasani ya ɗaga shi sama.

"Kun gani? Haƙarƙarinta ke nan. Da wannan tsinken aka tallafe fuskar. Ni ko sakace ba zan yi da shi ba."

Man keken ya bi katako ya yi wani baƙin tabo mai kama da taswira. Nasani ya ɗauko samfefa mai kaushi ya hau gurza. Tabon ya ƙi fita. Abin da ya fita shi ne wani ɗan wuri mai santsi a ƙasan bakin jitar, inda yatsun marigayi suka cinye fenti a tsawon rayuwarsa. Nasani ya ce dauɗa ce ta shekaru, ya share ta tas. Ya ci gaba da gurza yana waƙa, har ya ga teburinsa ta cikin fuskar jitar.

Ya daɗe yana kallon hudar. Sannan ya ce, "Madalla. Dama niyyata in canza fuskar gaba ɗaya."

Tela ya dafa kai. "Kafinta, don girman Allah ka tsaya haka. Ka kwashe abin da ya saura ka kai birni, wataƙila a ceto wani abu."

"In kai aikina wurin wani? Ni? Yaya da bakinsa ya ce tsohon itace ake so. To akwai wanda ya fi ni tsohon itace a layin nan?"

A bayan shagon akwai wata ƙofar maɗaci da aka ciro daga wani tsohon sito, kaurinta ya kai yatsu biyu a haɗe. Nasani ya ɗora jitar a kai, ya zana siffarta da fensir, ya sa zarto. Ya ɓamɓare tsohuwar fuskar da sukuddireba, ya share ta cikin tarkace, mai gasa masara ta zo ta kwashe da sauran ɓaraguzai. Ya cire sauran haƙarƙarin ya kafa sanduna irin na gado. Ya ɗora sabuwar fuska ya zagaye ta da ƙusoshi, kusa da kusa, kamar maɓallan riga.

Da aka zo huda baki sai ya yi tunani mai zurfi. Wancan bakin da ya cinye masa hannu ya yi faɗi da yawa, ɓera ma zai iya shiga ya haihu. Ya huda ƙarami, daidai bakin kofi, ya ce mai walda ya yi masa ragar ƙarfe ya toshe.

"Ta ina muryar za ta fito?" in ji mai walda.

"Ta raga mana. Kai iska ba ta shigo maka ta tagar gidanka?"

"Tana shigowa."

"To?"

Mai walda ya yi raga. Ya ce shi dai a rubuta cewa umarni ya bi.

Sai maganin gara. Nasani ya shafe ta ciki da waje da baƙin mai, ya bi da fenti mai sheƙi, shafi a kan shafi, har ta koma kamar an tsoma ta a zuma. Ya kwantar da ita a rana tsakiyar layi don ta bushe da wuri. Ƙudaje suka zo gaisuwa suka kasa tafiya. Kazar mai aski ta bi ta kai ta bar gashi uku da sawun ƙafa. Can da rana ta yi zafi aka ji ƙas! Tsohon bayan jitar, baƙin itacen nan mai ƙamshi da ya saba da inuwar akwati, ya dare gida biyu.

"Kishi ne," in ji Nasani. "Ya ga fuska ta yi kyau."

Sauran ƙofar sito ta zama baya. Gefen ya kasa ɗaukar nauyin, shi ma aka yi masa ɗamara da falanki. Wajen mayar da tsirkiyoyi biyu suka tsinke, ya karɓo wayar birkin babur wurin makanike ya maye gurbinsu, yana cewa wannan ko jikan Yaya ya rataya a kai ba za ta tsinke ba. Abin da ya rage na jitar marigayi shi ne wuyanta kawai, da kan da kunnuwan ɗaure tsirkiya suke. Shi ma don ƙofar ta ƙare ne.

Kullum ya koma gida matarsa ta tambaye shi, "Direban ya ce wani abu?"

"Aiki na tafiya. An ce hannun ƙwararre ta faɗa."

"Alhamdu lillahi. Me ya ci maka gashin hannu?"

"Zafi ne. Na aske."

"Hannu ɗaya?"

"Shi ya fi jin zafin."

Ta dube shi irin duban da take yi wa majinyacin da ya ce ya shanye maganinsa, amma gajiya ta hana ta bin diddigi.

Ranar gwaji Nasani ya tara maƙwabta. Ya ɗora jitar a cinya, cinyar ta nutse. Ya ware yatsu ya shara tsirkiyoyin gaba ɗaya.

Ƙwaf.

Ya sake sharawa da ƙarfi.

Ƙwaf.

"Ta fara ne, ko gyaran murya take?" in ji tela.

Nan take Nasani ya tuna karatun Yaya. "Na sani! Ba ta sha kiɗa ba. Itace sai ya sha girgiza kafin ya buɗe. Marigayi shekaru ya yi yana ba ta da cokali, don ba shi da kayan aiki. Ni da bokiti zan ɗura mata."

Ya ɗaure ta da igiyar roba a jikin janaretan mai walda, wani tsohon inji mai tari da ke girgiza layin gaba ɗaya. Kullum daga safe har a tashi aiki jita na rawa a kansa tana shan hayaƙi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wata tsohuwa ta tambaya ko laifi ta yi aka ɗaure ta. Nasani ya sa kujera a gefe yana bayani, cewa kowace sa'a a kan injin nan daidai take da shekara guda a hannun makaɗi, kuma nan gaba daga ƙasashen waje za a riƙa turo masa jitoci a jirgi.

Ana gobe taro ya kwance ta. Ta yi baƙi ta gefe ɗaya, tana warin man dizal. Ya ɗaga hannu zai gwada, sai ya fasa. Ya ce ba a buɗe tukunya kafin baƙi su zauna. Da ya zo sa ta a akwatinta, ta ƙi shiga ko ta kwance ko ta tsaye. Tela ya ɗinka mata riga da ragowar yadin labule, mai furanni manya-manya, ya ce wannan kyauta ce, don yana so ya samu kujerar gaba.

Yaya ya dawo da yamma ya kira ƙanwarsa, ita kuma ta miƙa wa mijinta waya, don ya ce mata an dawo da jitar tana wurinsa.

"Kafinta, an ce jitar na wurinka. Kawo min in ɗaɗɗaure tsirkiyoyin, in ɗan motsa hannu."

"Yaya, ƙwararren ya ce kada iska ta taɓa ta sai gobe, gam bai gama kamawa ba. Ni zan kawo ta har kan dandamali."

"Wane irin gam ne wannan?"

"Na zamani ne, Yaya. Ba ka san shi ba."

Zauren makarantar ya cika maƙil. Ɗalibai na yanzu, tsofaffin ɗalibai da suka zo da 'ya'yansu, malamai, iyaye. Tela da mai walda sun yi wanka sun zauna a layi na biyu kamar 'yan uwan jini. Aka yi jawabai, aka ba Yaya agogon bango. Shugaban makaranta ya ce yanzu lokacin da kowa ke jira ya yi. Yaya ya karɓi makirfo ya yi magana a taƙaice a kan mahaifinsa, yadda yake zama a bakin gado bayan ya taso aiki ya ɗora jitar a ƙafa, su kuma yara su yi tsit a ƙasa. Ƙanwarsa a layin gaba ta fara share ido.

Sai ga Nasani ya shigo ta tsakiyar zaure da sabuwar riga, ya saɓo abu a kafaɗa cikin yadi mai furanni, yana nishi yana ɗaga wa mutane hannu. Ya hau dandamali ya sauke. Dandamalin ya amsa. Kafin kowa ya ce wani abu ya karɓe makirfo daga hannun shugaba.

"Jama'a, ba birni aka kai ta ba. Aikin gida ne. Ni ne nan, Injiniyan Itace, layin bayan tasha, shago mai koren ƙyaure. Yaya, ga amanarka."

Ya zare rigar.

Warin dizal ya fara isa layin gaba kafin ido ya gama fahimta. Yaya ya dubi ragar ƙarfe. Ya dubi layin ƙusoshi. Ya dubi gashin kaza. Ya kai hannu ƙasan bakin, inda yatsun mahaifinsa suka bar gurbi, ya shafa fenti mai kauri. Ya ɗago ido ya dubi Nasani. Ɗalibansa sun san wannan kallon, na layin gaba suka fara gyara zama.

"Mece ce wannan?" ya tambaya a hankali.

"Ita ce, Yaya. Ƙoshi ta yi."

Mutum ɗari uku na kallo, Yaya ya rasa yadda zai yi. Ya zauna, malamai biyu suka taimaka aka ɗora masa ita a cinya. Ya danna yatsu a wuya, ya shara.

Ƙwaf. Ƙwaf-ƙwaf.

Maigadin makaranta, wanda ke gyangyaɗi a bakin zaure, ya zabura ya buɗe ƙofa ya leƙa waje. "Wane ne? A shigo mana, a buɗe take!"

Zauren ya fashe. Ɗalibai suka kwanta a kan juna. Mai walda ya zame daga kujera yana dukan ƙasa, tela na riƙe da cikinsa yana cewa a taimake shi da ruwa. Shugaban makaranta ya toshe baki da takardar jawabinsa, kafaɗunsa na rawa.

Yaya ya miƙe, ya jingina abin da kujera. "Kafinta, tunda kai ka san muryarta, zo ka fito mana da ita."

Da wani mai hankali ne, da ya nemi ƙofar baya. Nasani gyara wuyan riga ya yi.

"Na san matsalar. Yaya bai saba da jita mai lafiya ba, hannunsa ya yi laushi. Tsirkiyoyin ne ba su ɗauru ba. Ku ba ni minti ɗaya."

Ya zaro filaya daga aljihu. Ya kama kunnen da wayar birki ke ɗaure ya murɗa. Wayar ta miƙe. Ya koma ɗaya wayar ya murɗa. Wani siririn kuka ya fara fitowa daga wuyan jitar.

"Kafinta, bari," in ji Yaya.

"Kun ji? Ta fara buɗewa!"

"Baban yara, ka bari!" matarsa ta miƙe tsaye.

"Na sani, saura kaɗan."

Ya sa hannu biyu ya ba filaya murɗa ta ƙarshe. Wuyan jitar, abu ɗaya da ya rage daga hannun dattijon da ya yi ta, ya karye da ƙara mai tsafta, wadda ita ce sauti mafi daɗi da aka ji daga jitar a ranar. Kan ya yi sama da jelar wayoyi, ya wuce ta saman hular shugaba, ya daki sabon agogon bangon da ke kan tebur, ya faɗo a gaban Yaya.

Dariya ta ɗauke. Yaya ya sunkuya ya ɗauki kan jitar, ya warware wayar birkin daga kunnuwan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya goge shi da hannun rigarsa, ya sa a aljihun gaba. Ya ce wa ɗalibansa, "Ku yi haƙuri, na yi muku alkawarin da ban cika ba." Ya sauka daga dandamali ya bi ta tsakiyar zaure ya fita, maigadi na riƙe masa da ƙofa.

Nasani ya tsaya shi kaɗai da gangar jitar a hannu. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ƙwanƙwasa da filaya. Fuskarsa ta washe. Ya jawo makirfo.

"Jama'a, ina so ku zama shaida. Ku duba da kyau. Duk inda hannuna ya taɓa, ko tsaga babu. Wurin da ya karye, aikin wancan tsohon ne."

Matarsa ta hau matakalar dandamali ba gaggawa. Ta tsaya a gabansa ta miƙa tafin hannu, kamar yadda take karɓar almakashi a ɗakin tiyata.

"Makullin gida."

Ya laluba aljihu ya ba ta, yana murmushi wa jama'a. "Za ki riga ni komawa ne, Maman yara?"

"Ƙofar gidanmu, wa ya yi ta?"

"Ni mana! Maɗaci zalla, sakata uku. Ko mota ta daka ba za ta motsa ba."

"Na sani," in ji ta, ta jefa makullin a jaka. "Yau za ka gwada ta daga waje."